Goyo a bukkar gona

Duk wanda ya ratsa ƙasar Dantchiao, tsakanin Magariya da Dungas, a tsakiyar watan Agusta da la'asar sakaliya, ba zai rasa ganin abin da nake son mu tattauna a kansa yau ba. Can cikin gero, nesa da gari, zai hangi hayaƙi yana tashi daga wata ƴar bukka ta kara da zana. In ya matsa kusa zai tarar da tukunya bisa murhu, tulu a jingine, hauya biyu ko uku, akuya a ɗaure, da mace tana tankaɗe da goyo a bayanta. Mutanen nan suna da gidansu a gari, da rumbunsu da danginsu. Noma ne ya fito da su, kuma nan za su kwana mako guda, ko wata guda, waɗansu ma sai an ɗaure damman ƙarshe. Jaririn da ke bayan matar nan, wanda wataƙila bai cika wata huɗu a duniya ba, shi ma ɗan zaman gona ne, ko da yake babu wanda ya shawarce shi.

Dalilin wannan zama ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar Magariya tana cikin wuraren da jama'a ta fi cunkushewa a duk faɗin Nijar, kuma a shekara ta 2011 aka yanki gabashinta aka yi gundumar Dungas. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta. Saura ta ƙare, kowane taƙi yana da mai shi. Wanda gonarsa ta bakin gari ba ta ciyar da gidansa wata huɗu, tilas ya nemi aro ko jingina a wani wuri, sau da yawa kuwa wurin yana da nisan tafiyar sa'a biyu ko uku a ƙasa. Mutumin da zai yi wannan tafiya safe da yamma cikin rairayi, da yunwar Agusta a cikinsa, wane ƙarfi ya rage masa na riƙe hauya? Ciyawa kuma ba ta jiran kowa, in noman fari ya makara to shekara ta tafi. Saboda haka sai a kafa bukka. Mace dole ta bi, domin ita ce mai daka da dahuwa, ita ce mai gamana ta wake da gyaɗa da kuɓewa wadda daga cikinta sabulu da suturar ƴaƴanta za su fito, kuma in maigida ya tafi ci-rani Kano ko Libiya bai komo da wuri ba, to ita ce manomin gidan gaba ɗaya. Jariri mai shan mama kuwa ba a ajiye shi gida kamar buhun hatsi.

Haka nan ƴan uwanmu makiyaya, Fulani da Buzaye, waɗanda da zarar shuka ta tsiro sai su ja dabbobi su bi burtali su yi arewa, ba su komowa sai an saki gonaki bayan girbi. Su kam a kan hanya ake haifar ɗansu, a mashekari yake koyon zama, a wani mashekarin ya koyi rarrafe. Dokar kiwo ta shekara ta 2010 ta tabbatar musu cewa yawo da dabba haƙƙinsu ne, wanda kuwa aka ba iznin tafiya, ai da ɗansa aka ba shi.

A ƙasar Faransa, tun da aka ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi a shekara ta 1936, kwana a daji cikin tanti ya zama abin marmari. Iyali su kan ɗauki ƴaƴansu, har da na goye, su tafi bakin teku ko gindin dutse domin shan iska. Abin lura a al'adar tasu shi ne shiri: kafin su tashi sun san inda gidan likita mafi kusa yake, sun tanadi ruwa da mayafi da abin da yaro zai kwanta a kai. Mu da muke wannan kwana bisa tilas, a ƙasar sauro, a cikin watannin da suka fi kowaɗanne cin rayukan yara, mu ne muke tashi da hauya da tukunya kaɗai, alhali kuwa kakanninmu ne suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na sha jin waɗansu ma'aikata, masu kyakkyawar niyya, suna cewa maganin abin shi ne a hana: mai goyo ta zauna gida, a gari, kusa da likita, sai yaro ya yi ƙwari. Maganar tana da daɗin ji a cikin ofis. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da aka ce ta bar gamanarta bana, an ce mata ke nan ta shiga rani hannu wofi, kuma yaron da aka tsare wa sauro a Agusta tamowa ce za ta same shi a watan Mayu. Shekara da shekaru ana wannan nasiha, bukkoki kuwa ba su ragu ba. Ra'ayina shi ne mu daina jayayya da abin da ba zai bari ba. Muddin ana noma da kiwo a ƙasar nan, jarirai za su kwana daji. Abin da ya rage mana shi ne mu tambayi kanmu yadda za su kwana su tashi, da kuma wanda alhakin haka ya rataya a wuyansa.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, abin ya taɓa gidanmu. Damina uku da suka wuce, ƙanwata ta bi mijinta wata gona da ya karɓa jingina, da ƴarta ƴar wata huɗu. Sun yi kamar kwana goma sha biyu lafiya lau. Ran nan da magariba sai yarinya ta ƙi mama, jiki ya ɗauki zafi. Mijin ya ce a bari gari ya waye. Cikin dare aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, sa ɗaya da ke gare su an ba da shi aro, wayar salula ta mutu tun shekaranjiya don babu inda za a sa mata wuta. Kafin asuba yarinya ta fara jijjiga, wata tsohuwa da ke bukkar kusa ta ce iskar wurin ce ta taɓa ta, a yi hayaƙi. Ƙanwar tawa ba ta ce wa kowa uffan ba, ta goya ƴarta ta kama hanya a ƙasa cikin laka, sai hantsi ta samu ɗan kabu-kabu. A gidan likita aka soki yatsan yarinya aka ga masassarar cizon sauro ce, aka dubi tafin hannunta aka ga ya yi fari fat, nan take aka tura su babban asibiti inda aka ƙara mata jini. Allah ya yi da sauran kwana, yau tana gudu a tsakar gida.

Da na je dubiya, na fara yi mata faɗa irin namu na waɗanda suka shiga lakwal. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce: "Yaya, ni fa na san sauro ne, ba sai an gaya mini ba. Amma da na ce a tafi cikin daren nan, wa zai ɗauke ni?" Na juya kan mijin na tambaye shi ina sange. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Malam, guda biyu gare mu. Ɗaya Inna ke kwana ciki da yara a gida, ɗayan ya yage tun bara." Daga baya na samu labari cewa masu rabon maganin rigakafin masassara sun zo ƙofar gidansu a gari kwana biyu bayan tashinsu, suka tarar ba ta nan, suka wuce. Babu mugu ko ɗaya a cikin labarin nan, kowa ya yi abin da ya saba, amma saura ƙiris yarinya ta tafi.

Mu fara da sauro, tun da shi ne babban maƙiyi. Har yanzu a karkara akan ji ana cewa tumu ne ke kawo masassara, ko ɗanyen wake, ko dukan ruwan sama, domin lokacinsu ɗaya da ita. Amma tun shekara ta 1880 wani likitan soja Bafaranshe, Laveran, ya ga ƙwayar cutar da idonsa a cikin jinin majiyyaci a garin Kustantina na Aljeriya, kuma a 1897 Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da ita. Macen sauro tana zuba ƙwai a ruwa kwantacce, ko da na sawun saniya ne. Cikin kamar kwana goma ƙwai ya zama sauro mai tashi. Tana cizo daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Zafin jiki ya kan bayyana mako ɗaya zuwa biyu bayan cizon. Shi ya sa kwanakin farko a bukka suke ruɗar mutane, a ce ai wurin ya karɓi yaro. Ƙwayar tana shiga cikin jini ta dinga farfasa shi, jariri mai nauyin kilo shida kuwa jinin jikinsa duka bai fi rabin lita ba, bai cika kwanon sha ba ke nan. Abin da babban mutum zai yi kwana huɗu yana fama da shi a kan tabarma, jariri a dare ɗaya ko biyu yake gama masa.

Mutanen Magariya ba su bukatar a ba su labarin wannan. A watan Satumba na 2018, ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ta fara aiki da ma'aikatar lafiya a yankin tun 2005, ta sanar da duniya cewa a cikin wata guda yara kusan goma ne ke mutuwa kowace rana a sashen yara na asibitin Magariya, inda aka kwantar da fiye da 700 a lokaci ɗaya, akasarinsu masassara da tamowa ne suka haɗu a kansu. Waɗannan su ne waɗanda suka kai asibiti. Wanda ya cika a bukka, ko a kan amalanke, aka binne shi kafin azahar, ba ya cikin littafin kowa.

Ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba. A shekara ta 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yaran da ba su kai shekara biyar ba kyauta. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a dinga ba yaran Sahel maganin rigakafin masassara a watannin damina, kuma Magariya tana cikin wuraren da aka fara shi a Nijar a 2013. Tsarinsa a fili yake: yaro daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya kowane wata, daga Yuli zuwa Oktoba, ranar farko ya sha a gaban mai rabo, sauran kwana biyun uwa ce ke ba shi. Gwaje-gwajen da aka dogara da su sun nuna yana kawar da kamar kashi uku cikin huɗu na kamuwa. A watan Satumba na 2024 kuma aka ƙaddamar da allurar rigakafin masassara a Gaya. Duk wannan alheri ne. Amma a dubi inda ya tsage. Ana rabon maganin gida-gida, a gari, a daidai watannin da masu gonar nesa suka bar gari. Kariyarsa ba ta wuce mako huɗu, wanda ya kuskure zagaye ɗaya ya zauna wata guda tsirara. Yaron da bukkarsu ke bakin fadama, wanda ya fi kowa bukatar maganin, shi ne ya fi kowa saurin kuɓuce wa mai rabo. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, ba a ba shi wannan magani sam, ba shi da garkuwa sai sange da nonon uwarsa.

Sange, wato gidan sauro mai magani, shi ne abu na farko da ya kamata ya hau amalanke, kafin tukunya. Bukka ba ta hana ɗaura shi: turaku huɗu a kafa, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ta kowane gefe, a shigar da yaro tun rana ba ta faɗi ba, domin hirar bayan magariba a bakin wuta, yaro a cinya ƙafafu a waje, ita ce kasuwar sauro. In ya yage a ɗinke, in an wanke a shanya a inuwa. Ina ganin laifin mutumin da ya kewaye garkarsa da sange ya bar ɗansa a fili, kuma ba zan nemar masa uzuri ba. Amma maganar surukina tana da gaskiya a ciki wadda masu lissafi ba su duba ba. A babban rabo akan ƙidaya sange ɗaya ga mutum biyu, kamar dai gidan zai kwana wuri ɗaya duk shekara. Gidan da damina ke rabawa biyu, tsofaffi da ƴan lakwal a gari, ma'aikata da mai goyo a gona, lissafinsa dabam ne, kuma ya kamata a ƙidaya masa da haka.

Bayan dare sai rana. Ƙasarmu ta yi suna da gawo, har baƙi na zuwa daga nesa su ga yadda manoman Magariya da Matamai da Mirya suka raya itatuwa a gonakinsu. Amma kowane yaro ya san halin gawo: da damina yake kaɗe ganye, abin da ya sa gero ke son gindinsa. Uwar da ta shimfiɗe jariri a ƙarƙashin gawo a watan Agusta ta tafi kan kunya, a rana ta shimfiɗe shi. Rumfa ta kara huɗu da zana ɗaya ba ta cin rabin yini, kuma aikin namiji ce. Haka gadon kara: ɗaga yaro daga ƙasa da kamu biyu yana raba shi da danshi da kunama da kububuwa, wadda ke son gindin kara da tarin ciyawa. Jariri yana saurin yin sanyi in aka yi ruwan dare ya jiƙa zane, don haka a ajiye busasshen zane ɗaya da hula a cikin leda, a manna shi da jikin uwa. Murhu ya zauna waje, hayaƙi a cikin bukka yana cin ƙirjin yaro, wuta da zana kuma ba su taɓa shiri ba. Maganin feshin wake da kwanon da aka dama shi kada su kwana inda yaro yake, mai goyo kuma kada ta yi feshi ko ta bi bayan mai yi.

Maganar ruwa ita ce ta fi wuyar shiga kunne, domin tausayi ne ke jawo kuskuren. Uwa tana noma cikin zafi, ƙishirwa ta dame ta, sai ta ga ai ɗanta ma haka, ta ɗebo ruwan tulu ta ɗura masa. A gona kuwa tulun nan sau da yawa daga tabki aka cika shi, inda dabba ta sha, inda ruwan sama ya wanko bayan gari. Nonon uwa kusan kashi tara cikin goma ruwa ne, shi ya sa tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa har wata shida mama zalla ya wadatar, ko a ƙasar zafi. Wanda ke bukatar ruwan ita ce uwar: ta sha ta ƙoshi, ta ci ta ƙoshi, ta shayar duk lokacin da yaro ya nema. A nan mai zaman gona ta fi ƴar birni sa'a, abincin ɗanta yana tare da ita, da ɗuminsa da tsabtarsa, babu kwalba babu wanki. Dauri da jiƙo da ake ɗura wa jarirai, ko da itacen ba shi da illa, ruwan da aka jiƙa shi da shi yana da ita. Yaron da ya wuce wata shida ya fara kunu, a tafasa masa ruwansa. In zawo ya zo, kada a ce haƙori ne a zuba ido: ƙunshi ɗaya na gishirin zawo a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a dinga ba shi kaɗan-kaɗan, da ƙwayar zinki ta kwana goma zuwa goma sha huɗu, mama kuma ba a tsayar da shi. Waɗannan ba su da nauyi, ba su lalacewa da wuri, babu dalilin da zai sa a kafa bukka babu su.

Duk da na ce ban yarda da hani ba, akwai jariran da ni ma zan ce kada a kai su. Wanda bai yi arba'in ba, da bakwaini, da tagwaye ƙanana, da wanda ke karɓar abincin tamowa mako-mako a gidan likita. Al'adarmu ta zaman jego ta riga likita gane wannan, kuma abin takaici ne a ga talauci yana gajarta ta, mace ta koma kan hauya da kwana ashirin. Allurar rigakafi ma tana da ranakunta: ta haihuwa, ta mako 6, ta mako 10, ta mako 14, sai ta ƙyanda da shawara a wata 9. Wanda ya tafi gona da jaririn wata biyu, ya sani akwai ranaku biyu a gabansa da dole a komo gari, ko da maimai bai ƙare ba. A dubi karne kafin a tashi, in ba a iya karatu ba a kai wa wanda ya iya, a ƙulla ranar da kasuwar da ta fi kusa da ita don kada a manta.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su. Jariri ya ƙi mama, ko ya dinga amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laƙwas ba a iya tashe shi, ko numfashinsa ya yi sauri awazu na faɗawa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko tafin hannu da cikin ido su yi fari. Wanda bai kai wata biyu ba, zafin jiki kaɗai ya isa a tashi. Mata da yawa sun san waɗannan alamu, an koya musu wurin awo. Abin da ba su da shi shi ne izni da abin hawa, kuma a nan ne magana ta komo kan maza.

Na lura duk taron wayar da kai da ake yi kan lafiyar yara, mata ake tarawa a gindin itace a yi musu wa'azi, alhali mai yanke shawarar a tafi ko a bari gari ya waye yana can majalisa yana shan shayi. Namiji ne ya zaɓi gonar, shi ya zaɓi inda za a kafa bukka, bisa tudu ko bakin tabki. Shi ke da sa da amalanke da waya, kuɗin kabu-kabu a aljihunsa yake. Malamanmu kuma ba su gushe ba suna karantar da cewa ci da sha da sutura da mazaunin mai shayarwa a wuyan uban yaro suke. To maigidan da zai fitar da iyalinsa daji, ya fitar da su da cikakken shiri. Ya san wace likita ce mafi kusa da kuma hanyar da ba ta yankewa in an yi ruwa. Ya riƙe lambar ɗan kabu-kabu ɗaya ko biyu, ya ware kuɗin tafiya ya ba matar ta ƙulle a bakin zane, kada a taɓa su ko don gishiri. Mafi girma duka, ya faɗa mata a gaban shaidu, tun ranar tashi, cewa in ta ga alama ta tafi ko ba ya nan, ba sai ta jira izninsa ba. Masu bukkoki kusa da juna su yi yarjejeniya a bar sa ɗaya da amalanke ɗaya kullum a wurin, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani zai ce bin mutane bukka-bukka ya fi ƙarfin hukuma, ga ƙarancin ma'aikata ga rashin mai. Ban raina wahalar ba, amma ƙasar nan ta taɓa yin abin da ya fi shi. Dattawan Damagaram suna tune da kurkunu, wadda ke kwantar da manomi a tsakiyar damina, ita ma daga ruwan tabki. Ba allura ta kashe ta ba, ba ƙwaya ba. Mutanen ƙauye ne aka horar, suka bi rugga-rugga da tunga-tunga da ƙyallen tace ruwa, suna ƙidayar masu ciwo ɗaya-ɗaya, har a shekara ta 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da ita. Tun kafin nan, a zamanin ma'aikatan animasiyo, an horar da ungozomai da masu akwatin magani a ƙauyuka, sa'an nan daga 2001 aka gina ƙananan ɗakunan likita a karkara. Likitocin dabbobi kowace shekara suna samun garke a inda yake su yi masa allura. A ƙasar Cadi, daga shekara ta 2000, an gwada haɗa tafiyar likitan dabba da ta likitan mutum, mota ɗaya, a yi wa shanu a yi wa ƴaƴan makiyaya rana ɗaya, kuma yaran da ba a taɓa yi wa rigakafi ba suka samu. In ana iya gano saniya a daji, jariri ma ana iya gano shi.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar gini ko mota sabuwa. Maigari ya san duk wanda ya tashi gona da inda ya nufa, ardo ya san mashekaran mutanensa da burtalin da suke bi. A watan Yuni, kafin zagayen farko, majalisar Dantchiao da ta kowace ƙaramar hukuma a Magariya da Dungas ta nemi hakimai su kawo sunayen wuraren zaman gona da yawan yaran da ke can, a miƙa wa majo na kowace likita. A cikin kowane rukunin bukkoki a zaɓi mutum ɗaya, mace ko namiji, a koya masa auna zafin jiki da ƙidayar numfashi, a ba shi gishirin zawo da lambar wayar majo. A ƙara wa masu rabon magani kwana ɗaya a kowane zagaye, na gonaki kaɗai, da ɗan abin da za su sa mai. Gidajen rediyon karkara su faɗi ranakun rabo tun mako guda kafin su zo, da Hausa da Fulatanci, domin wanda ke iya komowa gari ya komo. Mace mai ciki da ta zo awo a watan Afrilu ko Mayu, wadda za ta haihu a bakin damina, a tambaye ta inda za ta yi Agusta; in ta ce gona, a rubuta a karnenta, a ba ta sange na biyu.